Gayya a Gonar Malam Hambali

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Malam Hambali ya cika shekara biyar yana bin diddigin kuturtar gyaɗa. Ma'aikacin bincike ne, kuma tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu motar ofishinsu ke kan duwatsu, sai ya riƙa zuwa Garo a babur. Can ya ari gona wajen wani dattijo, Mijinyawa, ya shuka gyaɗa iri arba'in da ya yi wa aure da hannunsa. Kowane iri da kunyarsa, kowace kunya da turke mai lamba.

Ƙwayar cutar ido ba ya ganinta. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke ɗaukarta daga ganye zuwa ganye, sai gyaɗa ta tsugune, ta ƙanƙance, ta ƙi 'ya'ya. Shi kuwa da gangan ya saki darɓar, don ya ga irin da zai jure. An riga an gaya masa daga bana gwaji ya ƙare, kuma ɗan irin da ya rage masa ke nan ya zuba a ƙasa. Mutanen Garo kan wuce suna girgiza kai: mutum da karatunsa, amma gonarsa ta fi ta kowa muni. Ya sha yi musu bayani, su kuma suna cewa to, don ladabi.

Cutar ta fara nuna kanta ke nan mahaifinsa ya rasu a Kara. Shi ne babban ɗa, don haka sai da ya yi mako biyu kafin ya samu kansa.

A bakin gona Mijinyawa ya tare shi, mutane biye da shi.

"Malam, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta."

"Amin, Baba. Na gode."

"Cewa muka yi ba za ka dawo ka tarar da baƙin ciki biyu ba. Gayya muka yi maka, mutum talatin."

Gonar ta yi fes. Duk tushen da ya kamu an tuge shi an ƙone. An yi feshi, ko darɓa ɗaya babu. Inda aka samu giɓi sun cike da nasu irin, ga shi har ya tsiro. Turakun suna jingine a gindin ɗorawa, an ɗaure su dami guda.

"Suna tare wa shanu hanya ne wajen huɗa," in ji Mijinyawa, "amma ko ɗaya bai ɓata ba."

Hambali ya tsuguna ya taɓa wani tushe kore shar. Wataƙila shi ne wanda ya shekara biyar yana nema, wataƙila kuma darɓa ce ba ta kai kansa ba. Babu mai iya gaya masa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma ga mutane tsaye suna jira, wasu ma nasu noman suka bari.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu. "Allah ya saka da alheri."

Suka ce amin. Mijinyawa ya dafa kafaɗarsa.

"Bana dai, Malam, za ka ci gyaɗa."