Ɗari da Ashirin da Bakwai

Shekara talatin Injiniya ya yi yana aikin wayar lantarki, amma wata biyu kacal ke nan da 'yarsa ta fara koya masa rubuta wa na'ura umarni da yaren C. A kwaleji take karatu. Duk Asabar sai ta zo gida su baje kwamfuta a kan tebur, yana buga haruffa da yatsa ɗaya, tana haƙuri.

"Baba, duk lambar da za ka ajiye, sai ka yi mata ɗan akwati a ƙwaƙwalwar na'ura," ta ce masa a darasin farko. "Ka raɗa masa suna, ka faɗi nau'insa. int na cikakkiyar lamba ne, float na lamba mai ɗigo, char kuma shi ne ƙaraminsu duka."

Ƙaramin ne ya kwanta masa. Shi mutum ne da ba ya sa waya mai kauri inda siririya za ta wadatar.

Ana haka abin da ke daidaita zafin tandar amininsa Mai Burodi ya lalace. Injiniya ya bugi ƙirji ya ce shi zai haɗa sabo. Ya sayo ɗan allon lantarki mai ƙwaƙwalwa da ma'aunin zafi, ya rubuta char zafi, ya ƙara umarni ɗaya: muddin zafi bai kai ɗari da tamanin ba, wuta ta ci gaba da ci. Ya tsoma ma'aunin a tafasasshen ruwa a kicin, fuskar na'urar ta nuna ɗari daidai. Bai nuna wa 'yarsa ba. So yake sai aiki ya yi kyau ya ba ta labari.

Ranar Talata da hantsi ya ɗaura na'urar a jikin tandar. Ɗakin gashi ya cika da tire-tire na ƙullu, mai kwaɓi tana jera su a kan kanta tana lulluɓewa da ƙyalle. Ƙarfe sha biyu motar makarantar kwana za ta zo ɗaukar burodin yara.

"Ka dai tabbata?" in ji Mai Burodi.

"Haba mutumina, yau ka fara sanina?"

Aka zura tire shida na farko. Lambar ta riƙa hawa: ɗari da goma, ɗari da ashirin, ɗari da ashirin da bakwai. Sai ta ƙifta. Abin da ya fito shi ne ɗari da ashirin da takwas, amma da alamar ragi a gabanta.

Mai kwaɓi ta leƙo. "Injiniya, tanda ka haɗa mana ko firji?"

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya ce waya ce ta saki. Ya durƙusa bayan tandar da sukudireba, ya bi wayoyin ma'aunin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara ɗaure kowace. Zafin ƙarfen yana dukan fuskarsa, gumi na shiga masa ido. Ya miƙe ya duba: ragi casa'in. Ya sake durƙusawa, ya cire ma'aunin ya mayar. Ragi hamsin. Ragi talatin.

"Ƙauri nake ji," mai kwaɓi ta ce.

Mai Burodi ya fizge murfin. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Injiniya ya ruga bango ya sauke babban makunni, injin kwaɓi da fanka suka tsaya tare. Tire shida, duk sun yi baƙi ƙirin a sama.

Mai Burodi bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya dubi agogon bango, sha ɗaya saura kwata. "Sauran ƙullun nan ba zai jira ba. In ya wuce lokaci tsami zai yi. Yara ɗari huɗu ne, Injiniya. Me zan ce wa shugabar makaranta?"

Injiniya ya fita bakin ƙofa ya kira 'yarsa. Ta katse. Ya sake kira, ta sake katsewa. A na uku ta ɗauka da raɗa.

"Baba, muna aji. Lafiya?"

"Uwata, fito waje. Na yi ɓarna."

Ya ji ƙarar kujera, sannan takun takalminta. Ya zayyana mata komai, harshensa na harɗewa.

"Tsaya. A kan wace lamba ta juya?"

"Ɗari da ashirin da bakwai."

"Wane nau'i ka ba akwatin zafin?"

"char. Ke kika ce shi ne ƙarami."

"Wayyo Baba! A allon nan naka iyakarsa ke nan. In ka ƙara masa ɗaya, sai ya zagaya ya faɗa can ƙasa, ragi ɗari da ashirin da takwas. Wayoyinka lafiyarsu lau. Na'urar ce take ganin ba a taɓa kai ɗari da tamanin ba, shi ya sa ba ta kashe wutar. Lokacin da ka ga ragi talatin, zafin gaske ya haura ɗari biyu da ashirin."

Ya jingina da bango. "To yanzu fa?"

"Kwamfutar tana wajenka? Goge char ka rubuta int. Ka duba ko'ina da zafi ya bi, har wurin da kake karanto shi daga ma'auni."

Ya ɗora kwamfutar a kan buhun fulawa, wayar maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Garin sauri ya rubuta itn, ya goge, ya gyara. A layi na goma sha huɗu ya ci karo da wani char ɗin da ya manta da shi. Ya gyara shi ma, ya tura umarnin cikin allon.

"Kada a sa burodi tukuna," ta ce. "A bar ta ta hau babu komai a ciki, ku gani da idonku."

Tandar ta riga ta huce zuwa ɗari da biyar. Ya ɗaga makunnin, bai sauke hannunsa daga kai ba. Su uku suka zuba wa lambar ido. Ɗari da ashirin da shida. Da bakwai. Da takwas, babu alamar ragi. Mai kwaɓi ta sauke numfashi, amma Mai Burodi bai motsa ba sai da ta kai ɗari da tamanin, wani abu ya yi ƙas a cikin na'urar, jar fitilar da ke nuna wuta na ci ta mutu.

"Zura," ya ce.

Motar makaranta ta iso sha biyu daidai, ta jira minti arba'in, direban yana ta danna ham. Burodin ya fito ɗan fale-fale saboda jiran da ƙullun ya yi, kuma ya gaza, sai da Mai Burodi ya cika da na wani gidan gashi da ke bayan layi.

Bayan motar ta tafi, Injiniya ya fara kwance na'urarsa.

"Me kake yi?" in ji Mai Burodi.

"Zan cire ta."

"Ka cire in gasa da me gobe? Bar ta. Amma ka samo mini wani makashi na ƙarfe zalla, wanda zai yanke wuta da kansa in wannan ta sake haukacewa. Kuma duk abin da ka rubuta, yarinyar nan ta gani kafin ya shigo mini shago."

Injiniya ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tiren farko da ya ƙone, ya nemi wuƙa a wurin mai kwaɓi, ya fita bakin famfo ya fara kankarewa.