Saniyar Munira

Ana gobe sadakar arba'in ɗin ɗiyarsa Munira, Halilu ya kora saniyarta daga Gwashi zuwa kwatar Bukkuyum. Saniyar ta rame, amma ya rantse namanta za a raba, ladan ya isa ga mai ita.

Da aka yanka aka feɗe, malamin dabbobi Sufyanu ya tsaga huhun. Duk ƙuraje ne cike da mugunya. Sai ya mayar da hatimin da yake buga wa lafiyayyen nama aljihu.

"Baba, wanga nama ba ya ciwuwa. Rami za a sa shi."

Halilu ya shaƙe masa wuyan riga. "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nike kiwo! Sadakar ɗiyata za ka bizne?"

Sufyanu bai ƙwace ba. Ya ce, "Tarin fuka ne, kuma yana bin nono in ba a dafa ba. Akwai mai tari gidanku?"

Hannun Halilu ya saki rigar.

Tun Munira tana ƙarama nonon saniyar nan take sha. Da tari ya kama ta, Halilu ya hana innarta dafa shi, don kowa ya sani a rugarsu wuta tana kashe ƙarfin nono. Kullum da safe shi yake tatsa, ya kai mata da ɗuminsa, ya lallashe ta sai ta shanye.

Aka zuba wa naman kananzir, aka rufe ramin. Ya koma gida da igiya kaɗai.

Innar Munira ta tare shi a ƙofa, tana riƙe da ƙanen Munira. Yaron yana tari.