Ƙofa Goma Sha Ɗaya Zuwa Gonata

Ni na fara ganin aikin garin kiriyatin a ƙwaƙwalwa, tun masu ɗaga ƙarfe kaɗai ke shansa. Wani mai askin tumaki ne ya manta gwangwaninsa a rumfata. Na riƙa barbaɗa wa tsohon karena a nama, karen da ya daina gane fitona. Wata biyu, ya koma kora tumaki kamar da. Na ce abin da ya gyara kare zai gyara mai kare. Cokali ɗaya a shayi kullum, shekara tara ke nan.

Yau shekarata tamanin da uku. Fari bakwai na gani a garinmu Cunnamulla, maciji ya sare ni sau biyu, ga ni. Sai 'yata Noelene ta ja ni asibiti a ƙwace lasin tuƙina, wai na bar buta ta ƙone a wuta. In ba mota ba gona, sai gidan tsofaffi a can birnin Toowoomba.

Likitar, Dakta Pillay, ta miƙo mini biro. "Baba, rubuta mini jimla ɗaya."

Na ce wa likitar, "'Yata, ko ina ɗan ashirin da kin kayar da ni a nan. Ban taɓa shiga aji ba."

Ta ce, "Garin kiriyatin ɗin nan da aka ce kana sha ma, masu bincike ba su gama tabbatar da shi ba."

"Su yi ta yi. Ni na gama nawa."

Noelene ta ce, "Haba Baba, jiya da sunan akuya ka kira ni!"

"Ke da ita wa ke jin magana?"

Na ce likita ta buɗe taswirar wayarta. Na rufe ido na jero mata hanyar gonata daga Cunnamulla, kilomita casa'in. Ƙofa goma sha ɗaya, ta huɗu sai an ɗaga ta take buɗuwa. Inda laka ke riƙe taya. Kwanar da kangaru ke tsallakowa da yamma. Mai kowane shinge, da sunan ubansa. Tana bi da yatsa har ta ajiye wayar.

Ta sa hannu a takardar lasin, amma tuƙin rana kawai, kuma in dawo bayan wata shida a duba ƙodata saboda garin da nake sha. Noelene ta zauna a gefena har gida, kuma ni na tuƙa.

Mai shakka ya zo Cunnamulla. Zan kai shi ƙofa ta bakwai in sauke shi ya nemo hanya da kansa, mu ga wanda zai riga cin abincin dare.