Babban Yatsan Baba

Keken ɗinkin yana kwance a kan benci, cikinsa a buɗe, kamar majinyacin da likita ya fara yi wa aiki aka kira shi waje. Baba ya sunkuya a kansa da ɗan sukudireba, gilashi a ƙarshen hanci. Mai keken, wani tela mai tumbi da ya shekara ashirin yana kawo masa gyara, yana zaune bakin ƙofa yana fifita da kwali.

A haka 'yar Baba ta shigo, kayan makaranta a jikinta, ambulan a hannu. A gida Lauya ake kiranta, don tun tana ƙarama ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Baba kaɗai ke ce mata Uwata.

"Sannu da aiki, Baba. Kawu Tela, ina wuni?"

"A'a, Lauya manyan ƙasa! Yau wa za a ɗaure?"

"Yau ba ɗauri, Kawu. Yau ranar ƙarshe ce."

Kowa a layin ya san maganar. Wata gidauniya za ta ɗauki ɗalibai goma daga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ta ɗauke musu nauyin jami'a har su gama. Lauya ta riga ta ci jarrabawar tantancewa. Abin da ya rage shi ne bayanin da kowane ɗalibi zai rubuta game da gidansu, da kuma shaidar mahaifi a ƙasan shafin. Ƙarfe huɗu Malama mai karɓar takardun a makarantarsu za ta rufe ofis ta aika da su. Agogon bangon shagon ya nuna uku saura kwata.

Ta share gefen benci da hannun riga, ta shimfiɗa takardar, ta ajiye ɗan akwatin tawadar da ta aro.

"Nan za ka dangwala, Baba. Yanzu in koma."

Baba ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa. Maimakon ya miƙa yatsan, sai ya ɗauki takardar ya gyara zaman gilashinsa.

"Bari in ga abin da zan dangwala wa."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai! Ɗalibi zai gwada makami!"

Tun bara Baba yake zuwa ajin manya na koyon karatu, sau uku a mako bayan la'asar. Da ya rataya jaka sai yaran gida su ce ɗalibi ya makara, shi ma ya taya su dariya. Lauya na cikin masu tsokanar. Amma ba ta taɓa tambayar inda karatun ya kai ba.

Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko, leɓɓansa suna motsi. Yatsan yana tafiya kamar tururuwa ɗauke da kaya: ya tsaya, ya koma baya, ya sake gaba. Ta dubi agogo. Ta dubi titi. Can sai ta ji muryarsa a fili, yana ɗaga kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Mahaifina... bai san... karatu ba. Ko sunansa... aka rubuta masa... ba zai... gane ba. A cikin... wannan duhu... na tashi."

Kwalin da ke hannun Tela ya tsaya cak.

"Baba, bara na rubuta," ta ce da sauri. "Tun kafin ka... Malama ce ta ce kada in taɓa wurin. Ta ce shi ne gishirin takardar, irin abin da masu zaɓen ke so su ji ke nan."

Baba ya daɗe yana kallon layin. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Haka yake kallon keken da aka kawo masa kafin ya faɗi ciwonsa.

"Lokacin da kika rubuta, gaskiya ne," ya ce.

Ya jawo akwatin tawadar, ya buɗe da kansa.

"In wannan ne zai buɗe miki ƙofa, Uwata, kawo. Yatsa ne, ba yanke shi za a yi ba. Tun ba a haife ki ba nake dangwalawa. Na yau ɗaya ba zai rage ni da komai ba."

Yana kai hannu ta riƙe wuyan hannun. A lokacin idonta ya faɗa kan wani littafin rubutu da ke gefen gwangwanin kusoshi, bangonsa duk ya sha mai. Iska ta ɗaga shafin. Sunan Baba ne, da rubutun hannunsa, daga sama har ƙasa, layi bayan layi. Na farkon sun karkace kamar katangar da ruwa ya ci. Na ƙarshen sun miƙe.

Ta rufe akwatin tawadar, ta tura shi gefe.

"Baba, da kaina na ci jarrabawar nan. Casa'in da huɗu a lissafi. Ba da duhun kowa na ci ba."

"Ke yarinya," in ji Tela, "Malama ta fi ki sanin hanya. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Goma kacal za a ɗauka fa."

"To ni ce ta ɗaya, sauran tara su yi ta kansu. Kuma Kawu, ramin ƙarya ƙurarre ne. In suka kira mu ganawa, Baba ya manta ya karanta allon ƙofarsu a fili fa? Wa zai kare mu?"

Tela ya dafe tumbi. "Wallahi zai aikata! Jiya ya tsayar da ni a rana yana karanta mini rubutun jikin mota!"

Baba bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Ta zaro wani kwafin shafin da ba a cike ba daga ambulan, ta durƙusa gaban benci, ta fara rubutu da biro. Ta rubuta cewa a wannan bencin ta fara sanin inji yana da magana, ranar da mahaifinta ya nuna mata yadda allura da ƙoshiyar zaren ƙasa ke haɗuwa a daidai lokaci guda, in ɗaya ya riga ɗaya zare ya tsinke. Ta rubuta cewa daga nan take son zama injiniya. Ta rubuta cewa mutumin ya shiga aji da furfura a gemu, kuma shi zai sa hannu a ƙasan wannan shafi.

Uku da rabi ta wuce lokacin da ta miƙa masa biron.

Baba ya danne takardar da hannun hagu. Ya ja numfashi, ya yi bismillah. Harafin farko ya ɗauke shi lokacin da zai ishe shi sauya allura uku.

"Malam, takarda ce, ba tiyata ba," in ji Tela.

"Kawu, a yi wa ɗalibi shiru," ta ce, idonta a kan biron, ba a kan agogo ba.

Sunan ya cika gurbin da aka tanada, ya tsallake layi, ya ƙarasa a waje. Baba ya dube shi da damuwa.

"Ya yi girma."

"Gurbin ne ya yi ƙarami."

Da gudu ta isa makaranta. Malama tana haɗa ambulan-ambulan a kan tebur, jaka a kafaɗa. Ta karɓi shafin, ta karanta a tsaye, ta ɗaure fuska.

"Kin cire gishirin."

"Na sa nama, Malama."

Malama ta harare ta ta saman gilashi, ta sake karantawa, wannan karon a zaune. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Sai ta kai farce gefen hagu na shafin.

"Wannan dattin fa?"

Lauya ta leƙa. A daidai inda Baba ya danne takardar, baƙin man keke ya bar shatin babban yatsansa, zane-zanensa sun fito raɗau, kusa da sunan da ya rubuta.

"Akwai sauran minti shida," in ji Malama. "In kina da wani shafin..."

"A bar shi haka, Malama," ta ce. "Duka biyun nasa ne."