Hannun Dogara

"Ku ba ni fili! Ga na Maruta, mai kwantar da maza!"

Muryar Dogara ce ta tsallako katanga. Na ajiye ɗinkina na faɗa gidansa ko sallama babu. Kwana tara ke nan yana kwance, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kuma tun asuba bakinsa bai furta komai ba sai kirarinsa na dambe.

Matarsa Turai ta tare ni a ƙofar ɗaki. "Malam Salihu, tafiya zai yi. Ina tsoron ya cika da kirari a baki."

Ni ma tsorona ke nan. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a Birnin Kudu, ban taɓa jin ya gama zance bai yabi kansa ba. A da, in aka ce zai yi wasa a Gwaram, kasuwa watsewa take yi. Yanzu samarin unguwa tsohon mahauci mai surutu kawai suka sani. Ya sha ba ni haushi, amma a wannan rana tausayinsa ya cika ni.

Na zauna wajen kansa ina maimaita kalmar shahada a hankali. Ba a ce wa mai gargara "faɗi", kada zafin ciwo ya sa ya ce a'a. Sai dai a yi ta yi kusa da kunnensa, ko Allah ya sa ya kama.

"Makaɗa sun iso?" in ji shi.

"Ba kowa, Dogara. Ni ne da Turai."

"Ƙarya ne. Mutanen Farin Dutse kaf sun zo kallo."

Ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, numfashinsa na sarƙewa. Na ƙara murya, shi ma ya ƙara tasa. Gumi ya karyo mini.

Turai ta durƙusa ta kama dunƙulen. "An tashi wasa, maigida. Ka yi kisa. Kawo in kwance maka zare."

Ta shiga zagaya hannun da yatsunta, tana warware zaren damben da babu shi.

"An watse?"

"An watse. Kowa ya tafi gida."

Na ci gaba da maimaitawa, ina kallon bakinsa. Can leɓensa ya fara bin nawa. Hannun ya sauka kan tabarma a buɗe, manuniya ita kaɗai a miƙe.