Baiti na Biyar a Walimar Ejvind

Saura rabin sa'a a zauna cin abinci Gudrun Lauesen ta tare Vibeke Thorup a wurin rataye riguna. Gudrun ce shugabar hukumar daraktocin kamfanin wasanni na Skovlys, mace mai shekara saba'in da ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Vibeke, zo nan. Kada ki yi mini wannan fuskar, ba cizon ki zan yi ba. Ranar Litinin za mu zauna mu zaɓi wanda zai gaji kujerar Ejvind. Mu tara ne. Huɗu na bayanki, har da Ejvind. Huɗu na son a ɗauko wani daga waje."

"Ke fa?"

"Ni ina nan ina kallo." Ta rataye mayafinta. "Ba wanda ya ce ba ki iya aiki ba. Cewa suke shekara goma sha huɗu kina mataimakiya, ba a taɓa jin kin ce wa tsohon nan a'a ba. 'Yar amshi, in ji su. Kuma sau ɗaya da aka ce ra'ayinki ne aka bi, wato wasan kan ƙanƙara na garin Odense, kowa ya ga yadda aka ƙare."

Vibeke ta juya ta rataye rigarta. Shiru ne abin da ta fi ƙwarewa a kai.

Yau Juma'a ake walimar ban kwana da Ejvind Brask, wanda ya ɗauki kamfanin daga ɗan gidan wasan kwaikwayo guda a garin Aarhus ya mai da shi mai gidajen wasa shida da shirye-shiryen talabijin. Kamar kowace walima irin wannan, sai an yi waƙa. Wani na kusa da mai bikin zai tsara baitoci a kan karin da kowa ya sani, a buga a takarda, a naɗe, a ɗaure da zare, a raba. Ba mai buɗewa sai mai fiyano ya fara. Daga nan kowa sai ya rera abin da ya gani, ba tare da ya san abin da ke layi na gaba ba. Wannan karon a kan Vibeke aikin ya faɗo.

Kwali biyu ta zo da su a mota. Waƙa ɗaya ce a cikinsu, baiti bakwai, bambancin kawai a baiti na biyar. A kwali na farko, baitin yana tsokanar Ejvind a kan tsohon kekensa. A na biyu yana maganar Odense.

Domin wasan Odense ba nata ba ne. Ejvind ne ya kafe sai an yi. Ta ce masa a bari, sau uku, duk a cikin motarsa, inda suka saba yin gardamarsu ba mai ji. Da abin ya rushe, mutum arba'in suka rasa aiki, lokacin yana kwance a asibiti an yi masa aikin zuciya. Ita ta tsaya gaban 'yan jarida ta ce shawararta ce. Ya warke, ya dawo, bai taɓa gyara maganar ba. Ita ma ba ta taɓa tambayarsa ba. Shekara shida ke nan.

Ta fita wurin ajiye motoci ana yayyafi, ta buɗe bayan motar, ta tsaya a kan kwalayen. In ta ɗauki na farko, ranar Litinin Gudrun za ta bi huɗun can, a kawo mata baƙo ta koya masa hanyar ofis. In ta ɗauki na biyu, ta tsinka mutumin a gaban matarsa da jikokinsa da ma'aikata ɗari biyu, a ranar da aka taru don girmama shi, kuma ƙuri'arsa na cikin huɗunta. Ruwa ya fara jiƙa saman kwalin da ke kusa da ita. Ta ture shi, ta ɗauki na biyu.

Aka zauna. Aka kawo baƙin burodi da kifi mai tsami da ƙwai da jatan lande. An zaunar da Vibeke kusa da Ejvind, kamar kullum. Ya cika mata ɗan kofi da barasa, yana ta fara'a.

"Ke yarinya, ci abinci mana. Kin yi fari fat kamar an aiko ki daga maƙabarta. Waƙar ce ta hana ki barci? Na san keken nan nawa bai tsira ba."

"Za ka ji, maigida."

"Kada dai ki ji tausayina. Wanda aka yi wa waƙa mai laushi, ba a son sa ne." Ya sunkuyo ya rage murya. "Maganar Litinin kuwa, kwantar da hankalinki. Na riƙe miki ita."

Vibeke ta ajiye cokalinta.

Mai gabatarwa ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Masu hidima suka zaga da kwanduna, kowa ya ɗauki naɗinsa. Ta bi su da ido tebur bayan tebur, har na ƙarshe. Bakin alƙalami ya bushe.

Fiyano ya tashi. Baiti na farko, yadda Ejvind ya taɓa hayar raƙumi don wasa ɗaya, raƙumin ya ƙi hawa dandamali. Ɗakin ya kaure da dariya. Na biyu, rowarsa wajen ɗumama ofis lokacin sanyi. Na uku, na huɗu. Ejvind na buga tebur da tafin hannu, muryarsa ta fi ta kowa. Matarsa Inger na share hawayen dariya. Sai bakuna ɗari biyu suka shiga na biyar da ƙarfinsu:

*Wasan Odense, wa ya ce a yi?*
*Maigida ne, ba shi da shayi.*
*Sau uku aka hana shi a cikin mota,*
*Da ya rushe, sunan wata aka rubuta.*

Layi biyu na farko sun fita da annashuwa. A na uku muryoyi suka fara zubewa. Kafin ƙarshen na huɗu, bai fi mutum ashirin ke rerawa ba, su ma don bakinsu ya riga hankalinsu ne. Mai fiyano, da yake ya ba wa jama'a baya, ya wuce zuwa baiti na shida abinsa.

Vibeke ta ci gaba da rerawa. Muryarta ba mai daɗi ba ce, kuma ba ta taɓa jin ta ita kaɗai a fili haka ba. Ba ta dubi Ejvind ba, amma ta ga hannunsa ya daina buga tebur, ta ga ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa. Can daga teburin masu ɗinkin kayan wasa wata murya ta kama mata, sai wata. A haka aka ja waƙar zuwa ƙarshe, da ɗingishi.

Al'ada ce a ɗaga kofi bayan waƙa, mai biki ya haɗa ido da wanda ya tsara ta. Ejvind ya miƙe a hankali. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ruwa a jikin taga.

"Na gode da waƙa," ya ce. "Ba ƙarya a cikinta."

Ya sha, bai dube ta ba, ya zauna.

Ya same ta bayan an watse, tana tattara takardun da aka bari a kan tebura.

"Da kin ce in faɗa, da na faɗa."

"Shekara shida kana da baki, Ejvind."

"A gaban Inger? A gaban jikokina?" in ji Ejvind. "Ni na ɗauko ki daga ɗakin sayar da tikiti."

"Ka ɗauko ni. Ni ma na ɗauke ka a Odense."

Ya daɗe yana dubanta, kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita, ba sallama.

Asabar da Lahadi wayarta ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ranar Litinin ta zauna a ofishinta, ƙofar ɗakin taro na can ƙarshen baranda a rufe tun ƙarfe tara. Ta buɗe takardu, ba ta karanta ko layi ba. Sai bayan sha biyu ta ji takun Gudrun.

"Biyar da huɗu," in ji Gudrun daga bakin ƙofa. "Kujera taki ce. Biyu daga cikin waɗancan sun juyo, ni ma na bi su. Amma muryarki, Allah ya kyauta, kada ki sake yi mana waƙa."

Vibeke ta yi lissafin a zuci, ta ga biyu daga nata sun zame.

"Ejvind fa?"

"Yana cikin huɗun da suka ƙi ki. Ya tafi da mutum ɗaya." Gudrun ta gyara jakarta. "Ya ce a gaya miki zai kwashe kayansa ranar Laraba, kuma zai fi so ba kya nan."

Vibeke ta gyaɗa kai. Ta jawo littafin ayyukanta, ta buɗe shafin Laraba, ta soke duk abin da ke ciki, don ta bar masa ofishin ranar.