Maganin Imoru a Ƙullin Leda

Tun da ƙanena Imoru ya fara shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa ya daina surutu shi kaɗai, har ya koma tuƙa yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, tsakanin unguwarmu Tishigu da kasuwa. Ni ke bin layi in karɓo masa, ƙafafuna su kumbura, ban taɓa ƙorafi ba.

Mma, mahaifiyarmu, kwalin maganin ne ba ta son gani. Gidan haya muke, ido ya yi yawa. Sai ta ɓare ƙwayoyin ta ƙulle a leda kamar gishirin sayarwa, ta jefa kwalin a murhu. Na yi magana har bakina ya gaji.

Ranar wata Talata samarin unguwa masu farautar 'yan ƙwayar tramol suka tare Imoru a tasha, suka laluba aljihunsa. Ina cikin zuba wa mutane wake da shinkafa aka zo aka faɗa mini. Na tarar an zaunar da shi a ƙasa, an aske masa rabin kai, ledar na ci da wuta a gabansa. Na rantse musu maganin likita ne. Shugabansu Saaka, wanda na goya yana jariri, ko kallona bai yi ba.

"Sista, ina kwali? Duk wanda mun kama, haka ne yana faɗi."

Sai da na kira nas ɗin asibiti a waya ta yi musu bayani kowa na ji, sannan suka ba da haƙuri. Amma bakin alƙalami ya bushe. Rabin unguwa na cewa ɗan ƙwaya, rabi na cewa mahaukaci, fasinja kuwa suna ganinsa sai su wuce keke na gaba.

Na sake bin layi, na kawo sabon kwali na ajiye a gaban Imoru. Ya tura mini abina.

"Yaya, ƙwaya ƙwaya ne. Ni ba na sha kuma."

Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Wallahi na gaji.

Jiya da na dawo kasuwa na same shi a tsakar gida yana yi wa bango dariya. Mma na bakin ƙofa, tana faɗa wa maƙwabciya Lamisi cewa alhamdulillahi, ɗanta ya bar ƙwaya.